Shawara ga ikkilisiyar da ke azumi tare

'Yan'uwa, in an sa azumi, kada ku tara kuɗin abincin da ba a ci ba. Ku tara hatsin.

Kowace safiyar azumi, uwargida ta auni abin da ta saba dafawa da rana, ko da rabin mudu ne na masara, ta zuba a buhu daban. Ran Lahadi a kai majami'a, Zumuntar Mata ta raba wa gwauraye da marayu, bisa Ishaya 58:7.

Kuɗi kan narke a cefane kafin Lahadi, hatsi kuwa yana nan.

Kada dai a karɓi gari, ba ya jure ajiya, balle da damina. Gidan da ke da mai ciwon suga, mai ciki ko mai shayarwa, a ɗora musu tukunya kamar kullum.