Babi Na Bakwai: Motar 'Yan Sanda Ta Gwanjo, A Saya Ko A Bari?

A Amurka, hukumomin 'yan sanda ba sa riƙe mota har ta mutu a hannunsu. In ta yi wasu shekaru tana sintiri, sai a cire mata jiniya da fitilun sama da rediyon oba-oba, a ɓamɓare rubutun jikinta, a kai ta gwanjo. Dillalai na sayenta da araha, wasu kuma su ɗoro ta a jirgin ruwa ta sauka a Legas ko Kwatano, ta shige cikin sauran tokumbo. Sai ka same ta a wurin dillali, fes da ita, kuɗinta bai kai na 'yan'uwanta ba. Wannan babi zai koya muku abin da za ku duba kafin ku fitar da ko sisi. Ku tanadi biro da takarda, da wayar da ke da kalkuleta. A hankali za mu bi.

Darasi na ɗaya: Gane motar

Ba kowane dillali ne zai ce maka motar ta taɓa aikin 'yan sanda ba. Lambar shasi ce za ta gaya maka. Ka tsaya a waje ta gefen direba, ka leƙa ƙasan gilashin gaba, can a kusurwa. Za ka ga ɗan ƙarfe siriri mai ɗauke da haruffa da lambobi a jere. Guda 17 ne. Ka buɗe ƙofar direba, akwai wata takarda manne a jikin ginshiƙin ƙofar, ita ma tana da wannan lamba. Dole biyun su zama iri ɗaya. In sun saɓa, ka yi wa dillali sallama ka tafi.

Kwafe lambar a takardarka, ɗaya bayan ɗaya, daga hagu zuwa dama. A cikinta babu harafin O, babu I, babu Q. Saboda haka in ka ga abu mai zagaye, sifili ne. Yanzu ɗora yatsa a kan na farko ka ƙirga zuwa na biyar. Karanta na biyar da na shida da na bakwai. A motar Ford Crown Victoria, in ka ga P71 ko P7B, ta 'yan sanda ce. A jif ɗin nan mai siffar Ford Explorer, in ka ga K8A, ita ma tasu ce. An daina ƙera Crown Victoria tun 2011, don haka duk wadda ka gani ta kwana biyu. Jif ɗin ya fara daga samfurin 2013, shi ne kuma aka fi cin karo da shi yanzu.

Ido ma zai taimake ka. Wilinta na ƙarfe ne baƙi, ƙasanta shimfiɗar roba ce maimakon kafet, sandar giya tana jikin sitiyari, sau da yawa kuma akwai wata fitila zagayayya a gefen gilashin direba, ko ramin da aka cire ta.

Darasi na biyu: Awoyin da mita ba ta ƙirgawa

Nan ne masu koyo suka fi tuntuɓe, nan ne kuma kuɗi ke salwanta, don haka za mu daɗe a kansa.

Mitar mota tana ƙirga tafiya ne kawai. In taya ba ta juya ba, mita ba ta motsi. Shi kuwa ɗan sandan sintiri yakan faka a bakin titi na tsawon awoyi, inji a kunne, don na'urar sanyaya mota da rediyo da kwamfuta da fitilu duk suna buƙatar wuta. Bakanike zai ce motar tana kan silo. Duk wannan lokaci inji na juyawa, baƙin mai na tsufa, famfon ruwa da fanka da altaneta na aiki, amma mita na nan inda take. Shi ya sa mitar motar 'yan sanda ba ta faɗin dukan wahalar da inji ya sha.

Kamfanin Ford ya sa wa waɗannan motoci wani agogo na daban mai ƙirga awoyin silo, wato lokacin da inji ke kunne alhali giya tana kan P ko N. A Crown Victoria an fara sa shi daga samfurin 2006. Kamfanin ya kuma ba da ma'auni: awa ɗaya a kan silo daidai take da tafiyar mil 33.

Ga yadda za ka nemo shi. Zauna a kujerar direba ka murɗa makulli. A Crown Victoria, danna ɗan maɓallin da ke kusa da mita, ka yi ta dannawa har lambar awoyi ta fito. A jif, yi amfani da maɓallan da ke kan sitiyari, ka bi jerin rubutun da ke fitowa a ɗan allon gabanka. Za ka ga layi biyu masu kama da juna. Ɗaya an rubuta Engine Hours. Ɗayan yana da kalmar Idle a cikinsa. Haruffa huɗu ne: I, D, L, E. Rubuta su a takardarka tun daga gida, ka riƙe a hannu kana kwatantawa. Mai kalmar Idle shi muke so. Na farkon ya haɗa duk awoyin da inji ya yi, har da na tafiya, waɗanda mita ta riga ta ƙirga. In ka ɗauke shi, ka ƙirga abu ɗaya sau biyu ke nan.

Kada ka ji kunya in ka ɗauki minti goma kana nema. Ba gaggawa. Wanda ke shirin biyan miliyoyi yana da ikon zama a cikin mota har ya gamsu.

Yanzu lissafi. Lambar awoyin silo, sau 33, sannan a tara da abin da mita ta nuna. A kalkuleta, alamar sau ita ce ×, alamar tarawa kuma +. Waƙafin da ke tsakiyar lamba, kamar a 90,000, ba a danna shi. An sa shi ne don ido ya raba dubbai.

Misali, mota ta farko mita ta nuna 90,000, awoyin silo 4,000. Danna 4000, danna ×, danna 33, danna =. Za ka ga 132000. Kada ka tsaya nan. Danna +, danna 90000, danna =. Amsa 222,000. Injin wannan mota ya sha wahalar mil 222,000, ko da yake mita na cewa 90,000.

Mota ta biyu, mita 120,000, awoyin silo 600. Ɗari shida sau 33 ya ba da 19,800. A tara da 120,000, ya zama 139,800. Dillali zai nuna maka ta farko ya ce mitarta ta fi ƙanƙanta, gaskiya kuma ya faɗa, amma injin ta biyu ya fi lafiya nesa ba kusa ba. Irin ta biyun yawanci motar manyan jami'ai ce ko ta masu bincike, waɗanda ba sa kwana a bakin titi. Ita ce ake nema.

Sake faɗa da bakinka: awoyin silo, sau 33, a tara da mita. Wane layi? Mai kalmar Idle.

Ku gwada wannan da kanku kafin ku duba amsa. Mita 110,000. Allo ya nuna Engine Hours 7,200, layin Idle kuma 2,500. Wanda ya sami 192,500 ya yi daidai, madalla. Wanda ya sami 82,500 ya yi sau, ya manta tarawa, sai ya koma ya ƙarasa. Wanda ya sami 347,600 kuwa ya ɗauki layin da aka ce kada a ɗauka.

Haba jama'a, wannan kuskure ya isa haka. An faɗa, an sake faɗa, amma kullum sai an sami wanda zai kwafi lambar farko da idonsa ya faɗa a kai, don kawai ita ce a sama. Wasu ma ba sa neman agogon sam, sai su ce dillali ya rantse musu. Rantsuwar dillali ba za ta sayo maka inji ba. Haruffa huɗu ne kacal, kun kuma iya karanta abin da ya fi su wuya a babin baya. Ku koma kan misalin nan ku sake yi, sau uku in ta kama, har hannu ya saba.

Abu ɗaya ya rage. Mitar motar Amurka da mil take ƙirga, mu kuma da kilomita muka saba. In ka ga mi kusa da lamba, mil ne. In ka ga km, kilomita ne. Don mayar da mil kilomita, yi sau 1.6. A nan ɗigon ana danna shi. Mil 222,000 ya zama kilomita 355,200. In mitar tana kan km, sai ka yi amfani da 53 a maimakon 33, sauran lissafin bai canza ba: awoyin silo, sau 53, a tara da mita.

Darasi na uku: Ramuka da wayoyi

Kafin motar ta fara aiki an huda ta a wurare da yawa don ɗaura fitilu da eriya da kejin da ke raba gaba da baya. Taka wani abu ka duba samanta. Za ka ga ƙananan murafen roba baƙaƙe, ko wurin da aka cike aka shafa fenti. Zuba ruwa bokiti guda a saman, ka shiga ciki ka shafa silin da kusurwoyi. In ka ji danshi, damina za ta nuna maka sauran, tsatsa kuma na biye.

Ramukan baya sun fi haɗari. A 2017 'yan sandan birnin Austin na jihar Texas sun janye jif-jif ɗinsu kusan 400 daga aiki saboda gubar hayaƙin salansa da ke shiga cikin mota, kamfanin Ford kuma ya danganta matsalar da ramukan da masu ɗaura kayan 'yan sanda suka huda ba su toshe ba. Wannan guba ba ta da wari, ba ta da launi, tana sa ciwon kai da jiri da barci a kan sitiyari. Ɗaga shimfiɗar but, ka haska da tocila, ka duba jikin ƙofar baya da ƙasa. Kowane rami sai an toshe shi sosai kafin ka ɗauki iyalinka.

Leƙa ƙarƙashin dashbod da tsakanin kujerun gaba. In ka ga wayoyi a yanke, bakinsu tsirara, to su ne masu shanye batir da daddare, wani lokaci har su ta da gobara. Mai gyaran wayarin ɗin mota ya bi su ɗaya-ɗaya ya rufe. Sannan ka shiga kujerar baya ka rufe ƙofa, ka gwada buɗewa daga ciki, ka gwada sauke gilashi. A yawancinsu an kashe waɗannan da gangan don kada wanda aka kama ya tsere. Ana gyarawa, amma a rage kuɗin gyaran daga farashi. Makulli ma a canza shi, domin wasu hukumomi kan sayi motocinsu duka da makulli iri ɗaya.

Darasi na huɗu: Ƙarƙashin bonet

Je da bakanikenka, ba na dillali ba. A taɓa inji da hannu a tabbatar da sanyi yake kafin a tayar. Zaro sandar auna baƙin mai. In man ya yi kalar shayi mai madara, ruwa ya shiga cikinsa, kada ka saya. A jif mai inji 3.7, famfon ruwa yana can cikin inji, sarƙar taimin ke juya shi. In ya lalace, ruwan lagireta kan iya gangarawa cikin baƙin mai, canza shi kuma sai an kwance gaban inji. Tambayi ko an taɓa canzawa.

Alherin waɗannan motoci shi ne an ƙera su da lagireta da burki da altaneta masu ƙarfi fiye da na gida, yawancin hukumomi kuma suna yin juye a kan lokaci. Amma sun hau dakalin titi, sun sha burkin gaggawa. A tuƙa ta a kan gargada a saurari ƙafafunta. Kun dai yi lissafin darasi na biyu kafin ku buɗe bonet, ko?

Darasi na biyar: Takardu

Karɓi takardun kwastan, ka gwada lambar shasin da ke jiki da wadda ka kwafa. Duk 17, ba huɗun ƙarshe kawai ba. In Hilux ce ta sintiri da gwamnati ta yi gwanjonta a nan gida, sai ka ga takardar gwanjon da rasit mai ɗauke da lambar shasi. A cire jiniya da duk wata alama ta 'yan sanda kafin a hau titi. Mai sitiyari a dama, irin ta Ingila, kada ka kula ta.

Darasi na shida: Wa ta dace da shi

Motar 'yan sandan Amurka tana shan mai, don haka ba ta dace da haya ba. Kafin ka biya, zaga Ƙofar Ruwa in kana Kano, ko Panteka in kana Kaduna, ka tambayi kuɗin famfon ruwanta da birkinta da shokabzobanta. In ka sami kayan, kana da bakaniken da ya san Ford, lissafin awoyi kuma ya fito da sauƙi, to a yi ciniki. In ɗaya daga cikin ukun nan babu, ka nemi wata motar.