Yadda Za Ka Tantance Labarin Kuɗi Da Kasuwa Da Ya Shigo Wayarka Kafin Ka Taɓa Jarinka

Yawancin labaran tattalin arziki yanzu ta zauren WhatsApp da Facebook da TikTok suke fara iso mana. Wani ya ce dala ta karye, wani ya ce za a rufe banki kaza, wani ya turo murya yana rantsuwa cewa buhun masara ya faɗi warwas. Hira ce, amma a kanta ɗan kasuwa yake sayar da hajarsa da asara, mai albashi ya kwashe ajiyarsa, uwar gida ta zuba kuɗin adashenta a inda ba za su dawo ba. Tantance irin wannan labari ba ya bukatar digiri. Abin da yake bukata shi ne ka san mai maganar, ka san ranar da aka yi ta, sannan ka yi lissafin da kanka.

Fara da tambayar wa ke da hurumin faɗin wannan magana

Kowane labarin kuɗi yana da ofishin da ya mallake shi. Maganar takardun naira, kuɗin ruwa, lasisin bankuna da farashin canji na hukuma ta Babban Bankin Najeriya ce, wato CBN, kuma yana saka sanarwarsa a cbn.gov.ng. Alƙaluman hauhawar farashi na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ne, NBS. Kamfanin da ke karɓar kuɗin jama'a da sunan zuba jari yana ƙarƙashin hukumar SEC. Inshorar kuɗin da ka ajiye a banki kuwa ta NDIC ce. Idan saƙo ya ce "CBN ta ce", amma ka shiga shafin bankin ba ka ga takardar ba, kuma BBC Hausa da Aminiya da Premium Times da Freedom Radio duk sun yi shiru bayan awa biyu ko uku, to ka ɗauke shi a matsayin jita-jita. Babban labari irin na sauya kuɗi ba ya ɓuya a zauren unguwa.

Ka duba adireshin shafin da kyau. Na gwamnatin Najeriya yawanci yana ƙarewa da .gov.ng. Wanda ya ƙare da wani abu daban, ko aka cusa masa kalmomi irin su "grant" da "portal" da lambobi, yana iya zama na masu neman bayananka ko da tambarin gwamnati ya cika shi.

Ranar labari ta fi kanun labari muhimmanci

Ƙarya mafi yawa a wannan fage tsohuwar gaskiya ce da aka sake turowa ba tare da kwanan wata ba. Misalin da kowa ya ɗanɗana shi ne sauya fasalin naira. Gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da shi ranar 26 ga Oktoba 2022, aka sa wa'adin 31 ga Janairu 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Ranar 3 ga Maris 2023 Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin takardun 200 da 500 da 1,000 su ci gaba da aiki har 31 ga Disamba 2023, sannan a Nuwamban shekarar aka cire wa'adin gaba ɗaya. Kowace daga cikin waɗannan sanarwa gaskiya ce a ranarta. Amma duk wanda ya turo maka ta farko bayan ta ƙarshe ta fito, ya sa ka ƙi karɓar kuɗin da suke halal a hannun mai saye.

Don haka hoton takarda da aka yanke samanta ko ƙasanta, inda kwanan wata da lambar takarda da sa hannu suke zama, kada ka yi aiki da shi. Idan hoto ne na layin mai ko na cunkoso a ƙofar banki, saka shi a Google Lens, zai nuna maka wuraren da ya taɓa fitowa da shekarar. WhatsApp ma yana taimakawa: saƙon da ya zagaya hannaye da yawa yana ɗauke da alamar kibiya biyu a samansa. Alamar ba ta nufin ƙarya ne, tana nufin wanda ya turo maka bai san asalinsa ba.

"Dala ta faɗi": wace dala, a wace kasuwa?

Nan mutane suka fi ruɗewa, domin dala ba ta da farashi ɗaya. Akwai farashin hukuma da Babban Banki ke wallafawa. Akwai na 'yan canji a Wapa ta Kano ko Zone 4 ta Abuja. A wurin ɗan canji ɗaya ma akwai farashin da yake saya da wanda yake sayarwa, akwai na tsabar kuɗi da na turawa ta asusu, kuma sabuwar takardar dala 100 ta fi tsohuwa ko ƙananan takardu daraja. Wanda ya rubuta lamba ɗaya kawai ya ce ga farashin dala, bai gaya maka komai ba tukuna.

Ka tambaye shi abu uku: saye ko sayarwa, a wace kasuwa, da ƙarfe nawa. Sannan ka kira ɗan canji biyu da ba wuri ɗaya suke zama ba, ka ce masu kana da dala 500 a hannu, nawa za su biya yanzu. Farashin da mutum ya yarda ya ƙirga maka kuɗi a kai shi ne farashi. Tun da aka haɗe kasuwannin canji ranar 14 ga Yuni 2023, naira tana iya motsi sosai cikin mako guda. A Fabrairun 2024 dala ta doshi naira 1,900 a kasuwar bayan fage, zuwa Afrilu ta sauko ƙasa da 1,200. Waɗanda suka saya a ƙololuwa saboda zaure ya cika da "za ta kai 2,500" sun ji a jikinsu.

Ga masu fatauci tsakanin Katsina da Maraɗi ko Illela da Ƙonni, ku tuna sefa a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 a kan yuro ɗaya. Idan yuro ya tashi a kan dala, sefa za ta iya tsada a hannunku ko da labarin da ke yawo shi ne dala ta sauka.

Saukar hauhawar farashi ba saukar farashi ba ce

Duk tsakiyar wata, idan NBS ta fitar da alƙalumanta, sai gardama ta ɓarke: gwamnati ta ce hauhawa ta sauka, mu kuma a kasuwa ba mu gani ba. Sau da yawa ɓangarorin biyu duk suna da gaskiya. Alƙalamin yana auna saurin tashin farashi ne idan aka kwatanta da irin wannan wata a bara. A ce buhu yana naira 50,000. Hauhawar kashi 30 cikin 100 ta kai shi 65,000. Shekara ta zagayo hauhawa ta sauka zuwa kashi 20, buhun ya zama 78,000. Hauhawa ta sauka, buhu ya ƙara tsada. Farashi ba ya komawa baya sai alƙalamin ya gangara ƙasa da sifili.

Akwai kuma tarko na biyu. A Disambar 2024 NBS ta ba da kashi 34.80, a Janairun 2025 ta ba da 24.48. Ba kaya ne suka yi araha cikin wata ɗaya ba. Hukumar ce ta sauya shekarar da take aunawa da ita daga 2009 zuwa 2024, ta kuma sabunta jerin kayan da take bin farashinsu. Duk wanda ya jera lambobin biyu gefe da gefe don ya yabi gwamnati ko ya zage ta, ya haɗa ma'auni biyu da ba ɗaya ba.

Farashin hatsi ma haka yake bukatar tambaya. Masara a Dawanau ko a kasuwar ƙauye? Sabuwa mai danshi ko busasshiya ta bara? Buhun tiya nawa ne, an haɗa kuɗin mota da na dako? A lokacin kaka farashi yakan sauka kowace shekara, don haka kwatanta farashin Nuwamba da na Yuli ba ya nuna komai sai zuwan kaka. Kwatanta Nuwamban bana da Nuwamban bara.

Idan aka ce banki zai rushe

Banki yana iya rasa lasisi, ya faru ga Heritage Bank ranar 3 ga Yuni 2024. Amma Babban Banki da NDIC ne suka sanar, ba murya ce marar suna ta fallasa ba. Bayan wannan rana jerin sunayen wasu bankuna ya yi ta yawo wai su ne na gaba, Babban Banki ya fito ya musanta. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne adadin inshora. Tun 2024 NDIC tana biyan mai ajiya har naira miliyan 5 a bankin kasuwanci, miliyan 2 a ƙaramin banki na maikrofainans. Idan ajiyarka ta haura haka, raba ta bankuna biyu ko uku tun hankali yana kwance. Wannan ya fi maka tsayawa a layi ranar da kowa ya firgita, ka kwaso tsabar kuɗi ka kai gida inda babu inshorar komai.

Lissafin da ke tona asirin masu alƙawarin riba

Labarin fasaha da ya fi cin kuɗin mutanenmu shi ne na manhajar da ke ninka kuɗi. MMM ta daskarar da asusun mutane a Disambar 2016. CBEX ta rufe a Afrilun 2025 bayan ta yi alƙawarin ribar kashi 100 cikin kwana 30, wai ƙirƙirarriyar basira ce ke yi mata ciniki. Ɗauki biro. Naira 100,000 da ke ninkawa duk wata za ta zama naira 409,600,000 cikin wata 12. Babu sana'ar da ke haifar da haka. A daidai lokacin, kuɗin ruwan da Babban Banki ya tsayar kashi 27.5 ne a shekara guda cur, kuma wannan ma ana kukan ya yi tsada. Wanda zai iya samun kashi 100 a wata ba ya bukatar dubu hamsin ɗinka.

Dalilin da ya sa mutane masu hankali suke faɗawa shi ne na farko ana biyan su da gaske. Maƙwabcinka ya nuna maka alat, ba ƙarya ya yi ba. Kuɗin waɗanda suka shigo bayansa aka ba shi, kuma shi ya sa ake matsa wa kowa ya kawo mutane. Ranar da masu shigowa suka gaza masu cirewa, sai a ce ana gyaran manhaja, sannan a nemi ka ƙara biyan wani kuɗi don a "tantance" asusunka kafin a sake maka naka. Kada ka biya wannan, shi ne yankan ƙarshe.

Takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da suke nunawa rajistar suna ce kawai, ba izinin karɓar jarin jama'a ba. Shiga sec.gov.ng ka nemi sunan kamfanin cikin jerin masu lasisi, harafi da harafi, domin sukan ari sunan kamfani na gaskiya su sauya kalma ɗaya. Dokar zuba jari ta 2025 ta haramta irin wannan tsari ƙarara, har da hukuncin ɗauri ga masu gudanar da shi, don haka ka yi hattara da tallata shi a shafinka don kwamisho.

Kirifto kuwa, wato kuɗin intanet, farashinsa a fili yake. Shekaru ana gaya wa matasa a zaurukan kirifton Pi cewa ƙwaya ɗaya za ta kai dala 314,159. Da aka buɗe cinikinta a Fabrairun 2025, ba ta wuce kusan dala 3 ba kafin ta sauko. Kafin ka karɓi kowace ƙwaya a madadin mota ko fili, duba shafin CoinMarketCap ka ga nawa ake saye yau, ka kuma gwada sayar da kaɗan ka ga naira ta shigo asusunka.

Bidiyon da ka ga babban attajiri ko sanannen ɗan jarida yana tallata manhajar riba, saurare shi sau biyu. Na ƙirƙira yakan nuna leɓe ba ya tafiya daidai da magana, murya shimfiɗe babu numfashi, Hausar kuma karin sautinta a karkace. Na'urorin suna ƙara ƙwarewa, don haka hujja mafi ƙarfi ita ce ka je shafin mutumin ko na gidan jaridar ka ga ko bidiyon yana can. Shafukan tantance labarai irin su Dubawa da Africa Check sukan bi irin waɗannan su wallafa sakamako.

Abin da ba a bayarwa ko da labarin gaskiya ne

Lambar sirri ta katinka, lambar da banki ya turo maka ta tes don tabbatar da ciniki, da lambobi uku na bayan kati, babu ma'aikacin banki ko na tallafin gwamnati da ke bukatarsu. Haka lamba shida da WhatsApp ke turowa: wanda ya karɓe ta ya ƙwace layinka na WhatsApp, ya shiga roƙon kuɗi da sunanka. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu a cikin saitin manhajar, ba ya ɗaukar minti biyu. Ka nemi lambar toshe asusu ta bankinka yau ka rubuta ta a takarda, domin ranar da aka sace waya ba za ka samu sukunin nema ba. Idan kuɗi sun riga sun fita, toshe asusun nan take, ka kai ƙorafi a rubuce ga bankin ka karɓi lambar ƙorafin. In mako biyu ya wuce ba a warware ba, sashen kare haƙƙin masu hulɗa na Babban Banki yana karɓar ƙara.

In kai ne za ka tura labari

Rubuta kasuwa, rana da ma'auni: "Dawanau, Alhamis da safe, farar masara busasshiya, buhu kaza, daga bakin dillali." Saka adireshin sanarwar maimakon hotonta. Raba abin da ka gani da abin da kake hasashe. Idan kana da kaya a rumbu ko dala a hannu, faɗi haka kafin ka ce farashi zai tashi, domin mai karatu ya san inda ka tsaya. Shugaban zaure kuma ya kafa doka ɗaya: duk labarin kuɗi da ba shi da rana da tushe za a goge shi, wanda ya turo kuma a tambaye shi cikin mutunci, "Malam, a ina ka samo, kuma na yaushe ne?" Idan daga baya labarin ya tabbata ƙarya, a saka gyaran a zauren da aka fara tura shi, a kuma tura wa duk wanda aka san ya kwafa.