Ƙarfin iskar da ya dace da na'urar feshin kwalliya

Ina kwalliyar amare a Gusau, kuma tambayar da 'yan uwana masu sana'a suka fi yi mini ba ta wuce ta kwamfaresa ba, wato injin da ke tura iska cikin na'urar feshi: a kan nawa za a sa ta? Agogon da ke jikinta yana nuna ƙarfin iska da ma'aunin PSI, wasu kuma da bar. Bar ɗaya ya kai kusan PSI 14.5, don haka ki fara duba wanne naki yake nunawa.

Idan zanen farce ne, ni tsakanin PSI 15 zuwa 25 nake tsayawa, da bakin allura, wato ɗan ramin da fenti ke fita, mai 0.2 ko 0.3 na milimita. Zane mai siriri, kamar fure ko layi, ki yi ƙasa wajen 15 ki matso kusa. Shafe farce gaba ɗaya kuwa sai ki ɗan ƙara, ki ja hannu baya kaɗan. Fuska ba ta son haka. Hodar ruwa ta amarya ba na wuce 10 zuwa 12, kusa da ido ma ina ragewa, kuma sai ta rufe idon. Feshin da Turawa ke yi don fatarsu ta yi duhu, mai sinadarin DHA, shi ma da iska mai sauƙi ake yinsa. A nan ba mu da kasuwarsa, amma wadda za ta taɓa shi ta sani ba a yarda a shaƙe shi ba, kuma ba ya zuwa ido ko leɓe.

Ga inda ake yawan tafka kuskure. Mace ta saita agogo a kan 20 alhali ba ta danna bindigar feshin ba, tana dannawa allurar agogon ta sauka. Ki danna iska na fita, sannan ki murɗa. Abin da ya nuna a lokacin shi ne ƙarfin da kike aiki da shi.

In fenti ya fara tsartuwa, hannu kan tafi wajen ƙara iska. Kada ki yi. Yawanci kauri ya yi, ko ya bushe a bakin allura, musamman da zafin Maris da Afrilu. Ki tsinka shi da ruwan da aka yi dominsa har ya koma kamar madara, ki goge bakin allurar, ki gwada a takarda. In kuma ya bazu yana yin ƙafafu, iskar ce ta yi yawa ko kin matso da yawa. Da damina ki riƙa zubar da ruwan da ke taruwa a ɗan kwalbar ƙasan agogo, in ba haka ba zai fito ya ɓata miki zane.

Kwamfaresar mai faci kuwa kada ta kusanci jikin mutum. Tana iya haura PSI 100, iskarta da maiƙo, kuma iska mai ƙarfi tana iya shiga ta ciwo ko tsagewar fata. Ko da taki ƙarama, duk yatsan da ke da rauni ki tsallake shi.

Ki buɗe taga, ki sa takunkumi, wadda kike yi wa ita ma ki ba ta. In a janareto kike aiki, ki haɗa da sitabilaiza, injin kuma in ya yi zafi ki kashe ya huta. Sannan ki faɗa wa amarya tun kafin a fara cewa fentin farce yana hana ruwan alwala ratsawa, ba kamar lalle ba, don ta zaɓi ranar da ta dace da ita.