Darasi na 9: Daidaita lokacin wuta bayan an buɗe injin

Ga wani ɗan taksi a Yamai. Tsohuwar Toyotarsa ta yi zafi har ta ƙona juwan kulas, wato shimfiɗar da ke tsakanin kulas (murfin saman injin) da jikin injin. Ya sauke kulas da kansa, ya gyara, ya mayar. Da ya murɗa makulli sai mota ta yi tari, ta yi "fau!", ta ƙi tashi. Laifin ba na sabon kaya ba ne. Kalaj ne ya kauce, wato wuta ba ta zuwa a kan lokacinta.

Injin yana da sanduna biyu da bel mai haƙora ya haɗa. Ta ƙasa tana tafiya da piston, ta sama tana buɗe supap, wato ƙofofin shigar iska da mai da fitar hayaƙi, tana rufewa. Ta ƙasa sai ta juya sau 2 kafin ta sama ta juya sau 1. Riƙe wannan, don nan ne mutane da yawa suke ɓata.

Cire wayar batir, ka kwance buji duka don injin ya yi sauƙin juyawa. Kafin ka ɗora bel, kawo alamar faifan sandar ƙasa daidai da alamar jikin injin: piston na 1 ya kai ƙololuwa ke nan. Haka ma faifan sama. Idan maiƙo da ƙurar Yamai sun rufe alamun, goge su ka shafa alli. Ɗora bel, ka ɗaure abin da yake jan shi.

Kada ka tayar tukuna! Juya injin da hannu sau 2 cikakku, ta inda ya saba juyawa, ka sake duba alamun. Ko haƙori ɗaya ya kauce, kwance ka sake. Idan ka ji ya cije, tsaya nan. A wasu injuna piston yana bugun supap ya lanƙwasa shi, kuɗin da ka guje ma ba mai garaji su tafi ninki.

Saura delko, wato abin da ke raba wuta zuwa buji, ga motar da take da shi. Toshe ramin buji na 1 da babban yatsa, wani ya juya injin. Sa'ad da iska ta turo yatsanka kuma alama ta zo daidai, dole kan abin da ke juyawa cikin delko ya dubi wayar buji na 1. A yawancin injuna masu piston 4, wuta tana zuwa wa buji bi da bi a jerin 1-3-4-2.

Aiki: rubuta waɗannan lambobi a takarda, ka liƙa ɗaya a jikin kowace waya kafin ka cire ta.