Yadda ake tayar da tsohuwar mota mai jan ƙafa huɗu a gida

Tsofaffin motocin daji irin su Land Cruiser samfurin 40 da 60, da Hilux na da, da Land Rover, da Nissan Patrol, kusan ƙirarsu ɗaya ce. Shasi ne mai siffar tsani a ƙasa, bodi a ɗaure a kansa da notuna, giyabos na canja giya, wani ƙaramin giyabos a bayansa mai raba ƙarfi gaba da baya, sai aksil biyu masu ɗauke da tayoyin gaba da na baya. Sauƙin wannan ƙira shi ya sa mai kayan aiki da haƙuri zai iya gyara su a gida. Abin da ya fi kashe irin wannan aiki shi ne fara shi ta inda bai dace ba: a sayi manyan tayoyi, a buga fenti, daga baya a tarar shasi ya ruɓe a daidai inda sifirin yake rataye. Tsarin da ya kamata shi ne shasi tukuna, sai birki da sitiyari, sai injin da giya, sannan wuta. Ɗaga mota da ado su zo a ƙarshe.

Kafin ka kwance noti ko ɗaya, ka gwada lambar da ke jikin shasi da wadda ke cikin takardun motar, ka kuma nemo littafin gyaran wannan samfurin, domin a nan ne za ka samu ƙarfin ɗaurin kowane noti da yawan man kowane sashe. Ka ɗauki hoton komai kafin ka cire shi, notunan kowane sashe su shiga ledarsu da rubutu a jiki. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A ɗora ta kan ƙafafun ƙarfe, a sa wa tayoyin da ke ƙasa waigi gaba da baya. Akwai tarkon da mutane da yawa ba su sani ba. A tsofaffin Land Rover da wasu Land Cruiser, birkin hannu ba a tayoyi yake ba, a bayan ƙaramin giyabos yake, farfela yake kamawa, wato sandar da ke kai ƙarfi daga giyabos zuwa aksil. Da ka kwance farfelar baya, babu abin da ke riƙe motar, za ta iya gangarowa kanka.

Shasi

A wanke shi da ruwa mai ƙarfi ciki da waje, don tsatsar da ta fi muni daga ciki take cinyowa, inda laka ta kwanta ta riƙe danshi. Bayan ya bushe, ka bi shi da guduma taku-taku. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara mai tsini. Inda ka ji amo ya mutu, ko ƙarfen ya kumbura yana ɓarewa falle-falle, ka soka sukudireba ka gani. Wuraren da za ka fi mai da hankali su ne marataya sifirin, inda akwatin sitiyari yake ɗaure, ƙarfen da ya gitta a can baya, da kunnuwan da bodi ke zaune a kansu. A wajen akwatin sitiyari tsaga ake nema, ba tsatsa kaɗai ba, domin duk murɗa sitiyari a wannan gurbi yake ƙarewa.

Ka auna shasin a karkace, daga wani rami na gaba a hagu zuwa takwaransa na baya a dama, sannan ka juya. Idan awon biyu ya bambanta fiye da 'yan milimitoci, shasin ya taɓa lanƙwasa, kuma miƙe shi ba aikin gida ba ne.

Inda ya ruɓe ba a lulluɓe shi da faci. Tsatsar za ta ci gaba da aikinta a ƙarƙashi, kuma ka rufe wa kanka ido. A yanke har sai an kai ƙarfe mai sheƙi, a yanko sabon ƙarfe mai kauri daidai da na asali, a shigar da shi cikin gurbin, a yi walda guntu-guntu ana barin wurin yana hucewa don kada ya murɗe. Idan za a ƙara faranti a kai don ƙarfi, a zagaye kusurwoyinsa ko a yanka bakinsa a karkace. Layin walda da ya miƙe tsaye daga sama zuwa ƙasan shasi wurin tsagewa ne nan gaba. Kafin walda a cire batir, a sauke tankin mai, a kawar da tiyon mai da na birki. Kuma kada a goge wurin da maganin wanke birki mai sinadarin kulorin, domin zafin walda yana mai da shi guba mai kisa. In hannunka bai faɗa a walda ba, ka yi yanka da gyaran wuri da kanka, ka kira gwani ya haɗa. Wannan ba wurin koyo ba ne.

Bayan an gama, a kankare sauran tsatsa da buroshin ƙarfe, a shafa fentin ƙasa mai hana tsatsa, sannan na sama. Cikin shasi kuma a fesa kakin hana tsatsa ta ramukansa, a tabbatar ramukan zubar ruwa ba su toshe ba.

Birki da sitiyari

Man birki irin DOT 3 da DOT 4 yana shan danshin iska, shi ya sa ake canja shi duk shekara biyu. A motar da ta daɗe a ajiye, ruwan nan ya riga ya ci cikin silindar birki. Ka ɗaga robar da ke bakin kowace silindar taya. In ka ga jiƙa, canja ta. Tiyon roba duka a sauya su ko da sun yi kyau a ido, domin ta ciki suke kumbura, su bar mai ya tafi su hana shi dawowa, sai ka ga taya ɗaya tana riƙewa tana zafi. Bututun ƙarfe da ya yi tsatsa a maye shi da bututun birki na ainihi mai baki ninki biyu, ba bututun jan ƙarfe na aikin ruwa ba. Kada a gauraya DOT 5 da sauran, asalinsu daban. Wajen fitar da iska ana farawa daga tayar da ta fi nisa da babbar silinda, wadda fedar birki ke turawa, sai dai in littafin motar ya faɗi wani tsari. Ƙurar tsofaffin takalman birki tana iya ɗauke da asbestos, sinadari mai illa ga huhu, saboda haka a jiƙa a goge, kada a hura da iska.

Ka ɗaga gaba, ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza. Wasa a nan na boris ne, na taya ko na gwiwar aksil, wato gaɓar da tayar gaba ke juyawa a kanta in an murɗa sitiyari. Ka kama ta hagu da dama. Wasa a nan yawanci na kawunan tayarod ne. Sai ka sauke motar, wani ya riƙa kaɗa sitiyari kaɗan-kaɗan kai kuma kana kallon kowace gaɓa, za ka ga wadda ke motsi kafin ta tura ta gaba da ita. A motoci masu dunƙulallen aksil na gaba, ka dubi ƙwallon ƙarfen da ke bayan taya. Idan baƙin kunu yana tsiyaya daga nan, sil ɗin cikin aksil ya mutu, man difaransha, wato giyar da ke cikin aksil mai raba ƙarfi ga tayoyi biyu, ya gauraye da giris. Maganinsa a kwance gwiwar gaba ɗaya, a sa sabon sil da boris da gasket, a cika da giris mai sinadarin molibdenum, wanda ake kira moli. Siraran farantan da ke sama da ƙasan gwiwar kada a gauraya su, kowanne ya koma inda aka ciro shi, don su ne ke daidaita aksil a tsakiya.

Injin

Injin da ya yi shekaru a kwance ba a tashinsa da makulli kai tsaye. A zubar da tsohon fetur, a wanke tanki, a canja baƙin mai da filta. A cire fulogi, a ɗiga ɗan mai a kowace silinda, a juya injin da hannu ta notin fulin ƙasa zagaye biyu. In ya cije, kada ka tilasta. Ka bar mai ya jiƙa shi kwanaki. In ya juya, ka buga shi da kik ba fulogi har sai fitilar mai ta mutu, sannan ka mayar da su.

Awon matsin iskar da ke cikin kowace silinda shi zai gaya maka gaskiyar injin kafin ka kashe masa kuɗi. Silindu su yi kusa da juna, bambanci kada ya wuce kamar kashi 10 cikin 100. Wadda ta yi ƙasa, ka zuba mata cokali ɗaya na mai ka sake aunawa: in ta tashi, ringi ne ya cinye, in ba ta motsa ba, bawul ne ko gasket. Biyu maƙwabta da suka faɗi tare sun fi nuna gasket ɗin kai. Wannan dabarar zuba mai ta injin fetur ce. Na dizal matsinsa ya fi yawa sosai, yana buƙatar nasa ma'auni, kuma mai a silindarsa yana iya kamawa ko ya lanƙwasa sandar fistin. Injin dizal na Toyota irin 2L da 3L da 1HZ da bel suke tafiyar da bawul, kuma in bel ɗin ya tsinke fistin yana dukan bawul. Tunda ba ka san yaushe aka canja shi ba, ka canja shi yanzu tare da abin ɗaure shi. Lagireto a wanke, tiyo da murfi a sabunta, ruwa da maganin sanyaya injin rabi da rabi. Kada a cire tamostat da sunan maganin zafi. Cire shi yana ɓoye matsalar ne, injin kuma ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba.

Wajen canja man giyabos biyu da difaransha biyu, ka fara kwance notin cikawa kafin na zubarwa, kada ka zubar da mai sannan ka tarar na cikawa ya ƙi fita. Mai ya yi fari-fari, ruwa ya shiga. Garin ƙarfe mai laushi a jikin maganaɗisun notin ba komai ba ne, amma gutsattsari alamar haƙori ko boris ne. Difaransha man giya mai lamba GL-5 take so, tsofaffin giyabos masu zoben tagulla kuwa da yawansu GL-4 aka rubuta musu. A saman kowane aksil akwai ɗan bututun numfashi. In ya toshe, zafi yana tura mai ta sil, ka yi ta canja sil a banza. Ka buɗe shi, ka ƙara masa tiyo zuwa sama idan motar za ta shiga ruwa. Farfela kuma ka yi mata alama kafin ka raba ta biyu, domin in ta koma a juye za ta yi ta karkarwa.

Wuta ba ta da yawa a waɗannan motoci. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6, in injin yana aiki kuma tsakanin 13.8 da 14.4. Wasu masu dizal bolt 24 ne, ka tabbatar kafin ka sayi komai. Kankare wayoyin ƙasa da ke tsakanin batir da shasi da injin yana warkar da cututtuka da yawa. Duk sabuwar waya ta samu fiyus kusa da batir.

Ɗagawa da manyan tayoyi

A nan kowane canji yana jawo wani. Ɗagawar inci 2 da sababbin sifirin da shokazoba masu tsawon da ya dace ta ishi yawancin aiki, kuma ina ganin wanda ya wuce haka ya san dalilinsa tukuna, don duk abin da aka ƙara a tsawo an rage shi a tsayuwar mota kan kwana. Bayan ɗagawa, ka bar aksil ya rataya har ƙarshe ka duba tiyon birki. In ya miƙe tam, sai an sa mai tsawo. Kusurwar gwiwar gaba tana iya canjawa, sitiyari ya daina komawa tsakiya da kansa, motar ta riƙa yawo a hanya. Ana gyara wannan da siraran faranti masu gangare tsakanin sifirin da aksil. Bulon ƙarfe na ɗagawa kuwa ba a sa shi a aksil na gaba sam, ƙarfin birki yana iya fizge shi. Ƙusoshin da ke rungume da aksil a sa sababbi, notunan bushin kuma a ɗaure su bayan motar ta sauka kan tayoyinta, in ba haka ba robar za ta murɗe ta yage da wuri.

Lissafin taya mai sauƙi ne. Ƙara tsawon taya daga inci 29 zuwa 33 ƙari ne na kusan kashi 14 cikin 100. Agogon gudu zai nuna 100 alhali kana kusan 114, motar ta yi nauyin tashi, kuloci ya wahala, birki ya ƙara nisa. Don dawo da ƙarfin, ka ninka lambar difaransharka, wato yawan zagayen da farfela ke yi kafin taya ta yi ɗaya, da 33 ka raba da 29. Mai 4.11 zai samu 4.68, sai ya zaɓi 4.56 ko 4.88. Dole a canja gaba da baya tare, kuma tayoyi huɗu su zama girma ɗaya, don in suka saɓa, giya ce za ta biya. Tsofaffin tayoyi ka karanta lambobi huɗu na ƙarshen rubutun da ya fara da DOT a gefen taya, su ne ke nuna lokacin da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Winci ana zaɓar mai ƙarfin jan da ya kai ninki ɗaya da rabi na nauyin motar da kayanta, a ɗaure shi kan shasi da noti masu lamba 8.8 ko sama. Ka kuma bincika dokar inda kake da sharuɗɗan inshora kafin ka canja tsawo ko injin.

Fitar farko ta zama gajeriya, a wurin da babu jama'a. Ka gwada birki a hankali, ka tsaya ka taɓa kusa da kowace cibiyar taya ka ji ko wata ta fi sauran zafi. Jan ƙafa huɗu a kan ƙasa ko yashi ake gwada shi. Yawancin waɗannan motoci ba su da difaransha a tsakiya, saboda haka a busasshiyar kwalta gaba da baya suna ja-in-ja har giya ta ɗaure. In sandar sa jan ƙafa huɗu ta ƙi fita, ka ja baya 'yan mitoci a miƙe, za ta saki. Bayan kilomita kamar 100, ka sake bin notunan taya da ƙusoshin aksil da sifana mai awon ɗauri, ka leƙa ƙasa ko akwai ɗigo.