Darasi na Tara: Canza Ƙwan Danjar Mota a Gida

Direba yana gaba, danja tana baya, idonsa ba ya kai wa gare ta. Shi ya sa mutum kan yi wata guda yana yawo da mataccen ƙwai bai sani ba. Ba zai sani ba sai ranar da jami'in Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, waɗanda muke ce wa Rod Sefti, ya ɗaga masa hannu, ko kuma ranar da na bayansa ya zo ya dake shi domin bai ga alamar an taka birki ba. Da hunturu abin ya fi muni. Hazo kan rufe hanya, har mai tirela ba ya hango ƙaramar mota sai ta wannan ɗan jan hasken.

Aikin ba shi da wuya. A yawancin motoci minti 15 ya isa. Abin da ke sa mutane kai mota wurin mai riwaya a kan wannan ƙaramin aiki shi ne ɗan rubutun da ke gindin ƙwan. To, mu yanzu muna iya karatu. 'Yan'uwa mata da ke cikin aji, ku ma darasin naku ne, babu wurin da ake bukatar ƙarfi a cikinsa.

Fitilun da ke bayan mota

Je ka tsaya a bayan mota ka duba. Akwai ja, akwai ruwan goro, akwai fari. Jan yana aiki biyu. Idan an kunna fitila da dare yakan ba da haske kaɗan, wannan ita ce danja. Idan an taka birki sai ya ƙara ƙarfi sosai. Ruwan goron shi ne sigina, wasu su ce tirafiketa. Farin na ribas ne. Sai ƙananan ƙwai da ke haska lamba.

Wasu motocin da aka shigo da su daga Turai ƙwan ribas ɗaya tak gare su. A ɗaya gefen sai a sa jar fitilar hazo mai ƙarfi. Idan taka irin wannan ce, kada ka wahalar da kanka neman ƙwan da ya mutu, haka aka ƙera ta.

Wanne ne ya mutu?

Ka samu mutum ɗaya, ko da yaro ne, ya tsaya a baya. Kai ka zauna a mazaunin direba, ka ja birkin hannu, ka murɗa makulli har fitilun gaban sitiyari su kawo, amma kada ka tayar da inji. Kunna ƙaramar fitila. Taka birki. Sa siginar dama, sa ta hagu. Sa ribas. Kowanne ka yi, ka tambaye shi: "Ya kawo? Duka biyun?"

In babu kowa a gida, bari sai bayan magariba. Juya bayan motar ga katanga, ka riƙa duba hasken a jikin katangar ta madubi.

Sigina ita takan kai ƙarar kanta. Idan ka sa ta ka ji tana ƙyaf-ƙyaf-ƙyaf da sauri fiye da yadda ta saba, ƙwai ɗaya ya mutu a wannan gefen, ko a gaba ko a baya.

Kayan aiki

Sukuddireba mai baki huɗu da mai baki ɗaya, ƙaramar sufana (lamba 8 da lamba 10 su aka fi bukata), tsumma mai tsabta, tocilan, da ɗan kwano na zuba noti. Kwanon nan kada a raina shi. Noti in ya faɗa cikin yashi, sai dai haƙuri.

Ciro tsohon ƙwai

Kashe fitila, zare makulli. Idan fitilar ta daɗe a kunne, dakata ƙwan ya huce, yana ƙuna.

Buɗe but. A motoci da yawa za ka ga ɗan murfi ko shimfiɗa daidai bayan fitilar. Ɗaga shi. Ko dai ka ga kowane ƙwai da mazauninsa da wayarsa, ko kuma ka ga faranti ɗaya na roba da ke riƙe da ƙwan duka. In mazauni ɗai-ɗai ne, kama shi ka murɗa hagu kaɗan, kamar mai buɗe murfin kwalba, sai ya fito. In faranti ne, yana da 'yan harsuna da ake matsawa da yatsa, ya saki.

Wasu motocin sai an kwance gidan fitilar gaba ɗaya, noti biyu ko uku ke riƙe da shi. Bayan ka kwance, ja shi ya miƙe zuwa baya, kada ka karkata shi, domin akwai ƙusoshin roba da ke karyewa. A-kori-kura da tsofaffin motoci kuwa, sau da yawa daga waje ake kwance jan murfin.

Gindin ƙwai iri biyu ne. Mai gindin ƙarfe yana da 'yan kunnuwa biyu a gefe. Shi ana danna shi ciki kaɗan, a murɗa hagu, sannan a zaro. Mai gindi shafaffe, na gilashi ko na roba, ba a murɗa shi, jawo shi kawai ake yi. Ka riƙe da tsumma, domin tsohon ƙwai kan fashe a hannu.

Ɗaga shi ga haske. Za ka ga zaren cikinsa ya tsinke, ko gilashin ya yi baƙi, ko ya yi fari kamar hayaƙi ya shiga.

Karanta gindin ƙwai

Nan ne cibiyar darasinmu. Goge gindin da tsumma, ka haska da tocila. Za ka ga rubutu irin wannan:

12V 21/5W

Mu bi shi ɗaya bayan ɗaya. Harafin V yana nufin bolt, wato ƙarfin wutar batir. Ƙananan motoci 12V ne. Tirela da manyan motoci yawanci 24V ne. Idan aka sayar maka da ƙwan 24V ka sa a ƙaramar mota, zai kama amma dishi-dishi, kamar aci-balbal. Na 12V kuwa in ya shiga babbar mota, nan take zai ƙone.

Harafin W yana nufin wat, wato yawan wutar da ƙwan ke ci. Mai ci da yawa ya fi haske. Lambobi biyu da ka gani, 21 da 5, suna gaya maka zare biyu ne a cikin ƙwai ɗaya. Duba da kyau za ka gan su. Mai 5 shi ne danja, mai 21 shi ne birki. Shi ya sa za ka ga danja tana kamawa lafiya, amma birki shiru a wannan gefen: zare ɗaya ya tsinke, ɗaya na nan. Ƙwan duka ake canzawa.

Idan ka ga 21W kaɗai, zare ɗaya ne, na sigina ko ribas ko birki shi kaɗai. Idan 5W kaɗai ne, ƙarami ne, na lamba ko na danja.

A jikin kwali kuma akan sa wasu haruffa a gaba. P21/5W shi ne mai gindin ƙarfe mai zare biyu, a kwalayen Amurka lambar irinsa 1157. P21W mai zare ɗaya ne, 1156. Wanda ya fara da W, kamar W21/5W, shafaffen gindi ne, 7443. Idan ka ga Y a ciki, kamar PY21W, gilashinsa ruwan goro ne, na siginar da murfinta fari ne.

Juya mai zare biyu ka dubi ƙarƙashinsa: ɗigon dalma biyu ne. Mai zare ɗaya ɗigo ɗaya. Kunnuwan mai zare biyu kuma ba a jere suke ba, ɗaya ya fi ɗaya tsawo a sama. An yi haka da gangan don kada ya shiga a juye.

A kasuwa

Rubuta lambar a takarda da hannunka, ka kuma tafi da tsohon ƙwan a aljihu. Ko a Ƙofar Ruwa ne a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko ɗan shagon kayan mota na unguwarku, sai ka ce:

"Alhaji, ƙwan danja nake so, mai zare biyu."

"Ga shi, Malam. Duk ɗaya ne."

"Bari dai in duba, Alhaji. Wannan 21W ne kawai. Nawa 21/5W ne."

Ba lallai da mugun nufi ya miƙo maka ba, ƙwan ne ke kama da juna kamar tagwaye. Ni shawarata ka sayi biyu. Na dama da na hagu tare suka tsufa, in ɗaya ya tafi ɗayan ma yana kan hanya.

Sa sabo

Daidaita kunnuwa da ramukansu, danna, murɗa dama. In ya ƙi murɗuwa, kada ka yi masa ƙarfi. Zaro shi, juya shi ɗaya gefen, ka sake gwadawa. Mai shafaffen gindi turawa kawai za ka yi har ya zauna.

Kafin ka ɗaure noti, kira yaron nan ku sake gwaji. Danja ta kawo kaɗan, birki ya kawo da ƙarfi, kuma hasken dama ya yi daidai da na hagu. In ka ga sabon ya fi haske tun ba a taka birki ba, ƙwan a juye yake ko ba irinsa ba ne. Wajen mayar da gidan fitila, duba robar da ke kewaye da shi ta zauna daidai, in ba haka ba ruwan damina zai tarar maka a ciki. Ɗauri kuma kaɗan-kaɗan, roba ce, tana tsagewa.

In sabon ƙwai bai kama ba

Leƙa cikin mazaunin. In ka ga tsatsa ko wani kore-kore, kankare shi da samfefa ko bakin sukuddireba, amma ka tabbata makullin mota yana aljihunka.

In dama da hagu suka ɗauke lokaci ɗaya, da wuya laifin ƙwai ne. Duba fis. Akwatinsa yana ƙarƙashin sitiyari ko kusa da batir, a jikin murfin akwai zane da rubutu. Na birki sau da yawa STOP ake rubutawa, na danja TAIL. Fis ma da lambarsa a kansa: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20. Wanda ka cire, irinsa za ka mayar. Ɗabi'ar nan ta naɗa waya ko takardar kwalin sigari a madadin fis ita ke sa wayoyi su narke, har mota ta kama da wuta. In sabon fis ya sake ƙonewa, tsaya nan, wannan aikin mai riwaya ne. Haka in ka taka birki ka ga sigina tana ɗan haske tare da shi: wayar da ke manne da ƙarfen jikin mota ce ta saki ko ta yi tsatsa.

Sababbin motoci masu fitilar LED, wadda za ka ga ƙananan ɗige-ɗigen haske a jere, yawanci ba su da ƙwan da ake zarewa. Su gidan duka ake canzawa.

Aikin gida

Kwafi waɗannan a littafinka, ka rubuta a gaban kowanne zare nawa ne da shi: 12V 21W, 12V 21/5W, 24V 5W. Ja layi a ƙarƙashin wanda bai dace da ƙaramar mota ba. Sannan ka roƙi mataccen ƙwai ɗaya a gareji mafi kusa da kai, ka zo da shi aji mako mai zuwa, kowa zai karanta gindin nasa da babbar murya.