Yaronki yana da nauyin baki? Ga yadda za ki duba tun da wuri

A nan Jos, ko a Anguwan Rogo ne ko Rikkos ko Gangare, da uwa ta ce ɗanta ya shekara biyu bai fara magana ba amsar da za ta ji ɗaya ce: "Haba maman Abba, ai namiji ne, babansa ma sai da ya shekara uku." Gaskiya wasu yaran suna warwarewa da kansu, amma wallahi wasu kunne ne ke da matsala ba a sani ba, ana ta jira lokaci yana wucewa.

To ga abin yi. Katin rigakafin nan da ke jakarki shi zai riƙa tuna miki. Ranar allurar ƙyanda ta wata 9, ki lura ko yana gwaranci irin "ba-ba-ba", "da-da-da", kuma ko yana juyowa in an kira sunansa. A shekara ɗaya ya kamata yana nuna abin da yake so da yatsa, yana ɗaga wa baƙi hannu. Daga allurar ƙyanda ta biyu a wata 15 zuwa wata 18 a fara jin kalmomi ɗai-ɗai. A shekara 2 kuwa ana sa ran kalma kamar 50 da haɗa biyu, "Mama ruwa", "ba ni nama". Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma cewa ta yi a tantance ci gaban kowane yaro a wata 9, 18 da 30, a duba otizim, wato lalurar da ke sa yaro wahalar cuɗanya da magana da mutane, a wata 18 da 24, ko da ba a ga wata alama ba.

Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta duk kalmar da ya faɗa. In kullum "mam" yake ce wa ruwa, to kalma ce, ki rubuta. In gidanku ana Hausa ana Turanci, maƙwabta suna Berom ko Fulatanci, ki haɗa duka ki ƙirga, yare biyu ko uku ba ya hana yaro magana, don Allah kar a sa ki daina yi masa Hausa saboda wannan.

Sai kunne, nan ne na fi so mu tsaya. Yaron da ya yi shawara mai tsanani yana jariri, ko sanƙarau, ko ƙyanda, ko kunnensa yana yawan zubar da mugunya, a sa masa ido sosai. Ki tsaya bayansa yana wasa inda ba zai ga inuwarki ba, ki kira sunansa a hankali ko ki murza leda. Kar ki buga ƙofa ko ki doka ƙafa, ko kurma yana jin girgiza a jikinsa ya waiwayo, sai ki ɗauka lafiya lau. Kuma ko ya juyo, gwajin gida ba ya maye gurbin na'urar asibiti.

In kin ga ya yi baya, ko ya fara magana sai ya daina, ko ba ya haɗa ido da mutane, ki je wurin likitan yara, ki ce kina so a gwada jinsa a sashen kunne, hanci da maƙogwaro, akwai shi a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, wato JUTH, da ke Lamingo. Ki tafi da littafin nan da ɗan bidiyonsa a waya yana wasa a gida, don yara da sun ga likita sai su yi gum. Batun kai shi wurin wanzami a yanke linzami kuwa ki bari likita ya duba bakin tukuna.

Kafin ranar asibiti a rage masa katun. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce ɗan ƙasa da shekara 2 kar a zaunar da shi gaban waya ko talabijin. Kina wanke-wanke ki riƙa gaya masa "ga kofi, ga cokali", in ya nuna abu ki faɗi sunan abin, ki ɗan dakata ki ba shi dama ya gwada kafin ki miƙa masa.